Binciken gurɓatar muhalli a ƙasar Ogoni

Binciken gurɓatar muhalli a ƙasar Ogoni aiki ne da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNEP, ta gudanar a Jihar Ribas bisa gayyatar gwamnatin Najeriya, domin auna ɓarnar da mai ya yi wa ƙasa da ruwan sha da iska da rafukan gaɓar teku. An miƙa rahoton ga Shugaba Goodluck Jonathan a Abuja ranar 4 ga Agusta, 2011. Ƙasar Ogoni ta ƙunshi ƙananan hukumomin Eleme da Gokana da Khana da Tai. Tun ƙarshen shekarun 1950 ake haƙar mai a can, aka dakatar a 1993, amma bututai ba su daina ratsa yankin ba, wasu suna tsatsa suna yoyo.

Yadda aka yi awon

Cikin watanni 14 masu binciken sun duba wurare sama da 200, sun bi layin bututu na kilomita 122, sun kuma tattara samfuri fiye da 4,000 da aka kai ɗakunan gwaje-gwaje. Ba su tsaya ga abin da ido ke gani ba. Sun huda ƙasa a wurare 780 suna ɗebo turɓaya daga zurfi daban-daban, sannan suka haƙa rijiyoyin gwaji 142 don ɗebo ruwan ƙarƙashin ƙasa. A nan ƙarfin aikin yake, domin fili kan iya yin tsaf, ciyawa ta tsiro a kai, alhali mai na kwance a ƙasansa. A wurare 49 an tarar mai ya nutse aƙalla mita 5. Daga cikin wurare 15 da kamfanin Shell ya rubuta cewa an gama gyarawa, 10 na ɗauke da gurɓata da ta haura ƙa'idar kamfanin da ta gwamnati, saboda hanyar gyaran ta fi taɓa saman ƙasa.

Rijiyoyin gida

Abu mafi tayar da hankali ya fito ne daga Nisisioken Ogale a Eleme. A can an sami tataccen mai mai kaurin santimita 8 yana yawo a kan ruwan da ke ciyar da rijiyoyin jama'a, kusa da wani bututun kamfanin mai na ƙasa. Ruwan da iyalai ke sha, suke girki da wankan yara, na ɗauke da benzin, wani sinadari da ke cikin mai, fiye da ninki 900 na iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya, wato maikirogiram 10 a kowace lita (maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram). Benzin na haddasa sankarar jini, kuma ba sai ruwa ya yi baƙi ko ya yi wari ba kafin ya cutar. Rahoton ya nemi a kai wa mutanen tsabtataccen ruwa nan take, a kuma sanya alamar gargaɗi a bakin rijiyoyin. An sami ɓurɓushin mai a rijiyoyi 28 na garuruwa 10.

Iska

An ga benzin a dukkan samfuran iskar da aka auna, daga maikirogiram 0.155 zuwa 48.2 a kowace mita kubik.

Rafuka da gaɓar teku

A rafukan ruwan gishiri an auna ruwan kansa, da lakar ƙasansa, da naman kifi. Mafi yawan man da ya narke cikin ruwa, maikirogiram 7,420 a lita, an same shi a Ataba-Otokroma. Itatuwan mangurob da ke tsirowa a bakin ruwan, inda ƙananan kifaye ke girma, sun kakkaɓe ganye, saiwoyinsu sun yi sulke da wani baƙin abu kamar kwalta, wani wurin kaurinsa ya kai santimita ɗaya. A Bodo ta Yamma, yaɗuwar tace mai ta ɓarauniyar hanya tsakanin 2007 da 2011 ta zo tare da asarar kashi 10 cikin ɗari na lafiyayyun itatuwan. Naman kifi bai nuna taruwar mai mai haɗari ba, sai dai hakan ba albishir ba ne ga masunta: kifin guje wa gurɓataccen ruwa yake yi, dole su ma su tuƙa kwale-kwale zuwa nesa kafin su sami abin kai wa gida.

Bayan rahoton

UNEP ta ƙiyasta cewa farfaɗo da yankin zai ɗauki shekara 25 zuwa 30, ta kuma ba da shawarar kafa asusun dala biliyan ɗaya na shekaru biyar na farko. Gwamnati ta kafa HYPREP, shirin tsabtace gurɓatar mai, a 2012, amma sai a watan Yunin 2016 Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya ƙaddamar da aikin tsabtacewar a garin Bodo.