Ƙarewar lasisin gidan haya na haɗaka a Ingila

A Ingila, gidan da 'yan haya daga iyalai daban-daban suke haɗa kicin ko banɗaki ana kiransa HMO. Dokar Gidaje ta 2004 ce ta kafa tsarin lasisinsa, kuma tun 1 ga Oktoban 2018 duk gidan da mutum biyar ko fiye daga iyali biyu zuwa sama suke zaune sai da lasisin ƙaramar hukuma, komai yawan hawansa. Wa'adin lasisin ba ya wuce shekara biyar, kuma ba ya bin gida idan an sayar da shi.

Ƙarewar lasisi ba ta rusa yarjejeniyar haya. Ɗan haya yana nan a ɗakinsa, kuɗin haya yana wuyansa kamar da. Mai gida ne doka ta ɗaure wa hannu. Kafin 1 ga Mayun 2026, sashe na 75 na Dokar Gidaje ta 2004 ya hana shi ba da takardar tashi ta sashe na 21 na Dokar Gidaje ta 1988, wato wadda ake bayarwa ba tare da faɗin dalili ba, muddin gidan ba shi da lasisi. A lokacin, hanin yakan ɗaga idan ya shigar da cikakkiyar takardar neman sabuntawa kuma ana kan duba ta, ko ya samu sassaucin wata uku daga ƙaramar hukuma, wanda ake iya ƙarawa sau ɗaya kacal. Hikimar a bayyane take: bai dace wanda ya yi sakaci da takardunsa ya wanke laifinsa ta hanyar rage mutanen gidan ba, alhali da yawansu ɗalibai ne da ƙananan ma'aikata.

Hanyar sashe na 8 na dokar ta 1988, wadda ake kafa hujja gaban kotu kamar tarin bashin haya, ba ta toshe ba. Canza makulli ko zubar da kayan ɗan haya waje kuwa laifi ne a Dokar Kariya daga Kora ta 1977.

Gudanar da gidan babu lasisi shi ma laifi ne. Dokar Gidaje da Tsare-tsare ta 2016 ta ba ƙananan hukumomi ikon cin tara har fam 30,000 a wancan lokacin, kuma kafin 1 ga Mayun 2026 'yan haya sukan iya neman kotun harkokin gidaje ta sa a mayar musu da hayar da ba ta wuce ta wata 12 ba. A shari'ar Rakusen da Jepsen ta 2023, Kotun Ƙoli ta ce wanda ya ba su hayar kai tsaye kaɗai za su bi, ba wanda shi ya karɓi hayar gidan daga hannunsa ba.

Dokar Haƙƙin 'Yan Haya ta 2025 ta soke sashe na 21 daga 1 ga Mayun 2026, ta kai mayar da haya zuwa wata 24, ta kuma buɗe ƙofar bin ainihin mamallakin gidan. Ta tanadi dalilin karɓar gida idan hukuma ta ƙi ba da lasisi ko ta soke shi, amma sai ta hannun alƙali.