Dokar gurbi 12 a gasar besbol ta MLB: yadda mai nasara 84 ke wuce mai nasara 104

Wanda ya saba da gasar Firimiya ya san lissafi guda: ƙungiyar da ta fi maki a ƙarshen kaka ita ke ɗaga kofi. A MLB, babbar gasar besbol ta Amurka, hawa saman teburi tikitin shiga wasannin sili-ɗaya-ƙwale na bayan kaka kawai yake ba ka. A 2023 Atlanta Braves ta ci wasa 104 cikin 162, babu wadda ta kamo ƙafarta, amma ta koma gida a zagayen da ta fara bugawa. Arizona Diamondbacks kuwa, mai nasara 84 kacal, sai da ta je har World Series, zagayen ƙarshe na cin kofi.

Ƙungiyoyi 30 ne, an raba su gida biyu, American League da National League. Kowane gida yana da rukuni uku, gabas, tsakiya da yamma, ƙungiya biyar-biyar. Tsarin da ake bi yanzu ya fito ne daga yarjejeniyar da masu kulob da ƙungiyar 'yan wasa suka ƙulla a Maris 2022, bayan masu kulob sun rufe wa 'yan wasa ƙofa na kwana 99. Kafin nan ƙungiya 10 ke shiga wasannin sili-ɗaya-ƙwale. Masu kulob sun so 14, don yawan wasa yawan kuɗin talabijin ne, aka tsaya a 12.

Kowane gida yana fitar da shida: zakarun rukuni uku, da ƙungiyoyi uku da suka fi nasara cikin waɗanda ba su ci rukuninsu ba. Guraben nan uku su ake kira Wild Card. Zakarun rukuni ke riƙe lamba 1 zuwa 3, ko da akwai wata a bayansu da ta fi su nasara. Ta ɗaya da ta biyu suna hutawa. Ta uku ta kara da ta shida, ta huɗu da ta biyar, wanda ya riga cin wasa biyu cikin uku ya wuce, kuma duk a filin wadda ke sama ake yin su. Zagaye na gaba sai an ci uku cikin biyar, na zakaran gida da World Series kuma huɗu cikin bakwai.

Inda dokar ta fi ƙona mini rai shi ne batun kunnen doki. A da, idan ƙungiyoyi biyu suka gama daidai, kuma rukuni ko gurbi ya rataya a kai, sai a ƙara musu wasa ɗaya, na 163, su raba gardama a fili. Haka aka yi a 1978 a Fenway Park, filin Boston Red Sox, ranar da Bucky Dent na New York Yankees ya tura ƙwallo ta haye katanga, abin da magoya bayan Red Sox ba su manta ba har yau. An soke wannan. Yanzu takarda ake buɗewa: wa ya fi cin wani a haɗuwarsu ta cikin kaka? In nan ma daidai ne, a duba sakamakon kowa a cikin rukuninsa.

A shekarar farko ma dokar ta nuna haƙoranta. Braves da New York Mets kowacce ta ci 101 a 2022, amma Braves ta doke Mets sau 10, Mets ta rama sau 9. Wasa ɗayan nan ya ba Braves rukuni da hutu, ya jefa Mets lamba ta huɗu, ƙasa da St. Louis Cardinals mai nasara 93. Cikin kwana uku San Diego Padres ta zo har New York ta yi waje da su.

Wasu magoya baya na cewa hutun kusan kwana biyar da ake bai wa na sama shi ke sanyaya musu hannu, tunda 'yan besbol sun saba fita fili kusan kullum. Suna kafa hujja da 2023, lokacin da Braves, Orioles mai 101 da Dodgers mai 100 duk suka faɗi a zagayen bayan hutu. Ban gamsu ba. Houston Astros ta huta a 2022 ta ci kofi, Dodgers ma haka a 2024. A ganina gajartar zagayen ce matsalar. Braves ɗin da ta ci 104 ta sha kashi sau 58 a kakar, wato faɗuwa uku cikin mako guda ba baƙon abu ba ne ko ga gwanaye. A wata shida, zurfin benci da yawan masu jifa ne ke fitar da zakara. A wasa biyar kuwa, masu jifa biyu ko uku da hannunsu ya yi zafi sun isa. Da a ce zagayen bakwai ne, da Dodgers ta 2022, mai nasara 111, ta sami ƙarin wasa ko da ɗaya ne kafin Padres mai 89 ta sallame ta.