Gidan Tarihin Dr. Bhau Daji Lad

Gidan Tarihin Dr. Bhau Daji Lad shi ne mafi daɗewa a birnin Mumbai na ƙasar Indiya. Yana unguwar Byculla, kuma an fi saninsa da tarin kayan sana'ar hannu na ƙarni na 19.

Tunanin kafa shi ya samo asali daga babban baje kolin da aka yi a Landan a 1851, inda kayan Indiya suka ja hankalin Turawa. An aza harsashin ginin a 1862, aka buɗe shi a 1872 da sunan Victoria and Albert Museum, takwaran wanda ke Landan. Sai a 1975 aka sauya masa suna domin karrama Bhau Daji Lad, likita kuma masanin harshen Sanskrit, wanda ya yi ruwa ya yi tsaki wajen tara kuɗin ginin.

Tun farko manufar gidan ta kasuwanci ce: a nuna wa 'yan kasuwa abin da hannun masu sana'a ke iya fitarwa. Shi ya sa aka tara kayan azurfa da tagulla, sassaƙar hauren giwa, da aikin bidri, wato wani gaurayen ƙarfe da ake baƙantawa, a yi masa zane a cusa azurfa a cikinsa. Akwai kuma ƙananan mutum-mutumin yumɓu masu nuna kabilun birnin da sana'o'insu.

Kayan tangaran na gidan sun cancanci a tsaya a kansu. Mafi shahara su ne na makarantar zane ta Sir J.J. da ke Mumbai, inda shugabanta George Terry ya buɗe wurin gina tukwane, ya kawo magina daga yankin Sindh, wanda yanzu ke ƙasar Pakistan. Sana'ar waɗannan magina ta daɗe a ƙasashen Musulmi: a shafa wa yumɓu ruwan ƙyalli shuɗi ko kore, a zana furanni da ganye, irin adon da ake gani a bangon masallatai da hubbaren waliyyai a Sindh da Multan. A Mumbai aka haɗa wannan da tsofaffin zane-zanen da ke bangon kogwannin dutse na Ajanta a Indiya, sai aka samu tuluna da farantai masu kama biyu, waɗanda aka yi domin masu saye na Turai.

Zuwa ƙarshen ƙarni na 20 ginin ya lalace, kayan ciki sun sha ƙura. A 2003 aka ƙulla yarjejeniya tsakanin hukumar birnin Mumbai mai mallakar gidan, da gidauniyar Jamnalal Bajaj da ta ba da kuɗi, da INTACH, ƙungiyar kare kayan tarihin Indiya, da ta kawo ƙwararrun gyara. Aikin ya samu lambar yabo ta UNESCO a 2005, aka sake buɗe gidan a 2008 ƙarƙashin jagorancin Tasneem Zakaria Mehta. Daga nan ya shiga haɗin gwiwa da takwaransa na Landan, wanda ya aiko masa da baje koli fiye da sau ɗaya.