Femtosakan: lokacin da ake aunawa da madubi

"Kawu, wane agogo ke ƙirga femtosakan?" Ɗan ƙanwata da ke lise nan Damagaram ne ya jefo mini tambayar, muna shan shayi bayan isha'i. Na ce masa babu irin wannan agogon.

A raba daƙiƙa ɗaya gida miliyan, a ɗauki ɗaya a sake raba shi gida miliyan, sannan a raba ɗaya gida dubu: femtosakan ke nan. Haske na cin kilomita 300,000 a daƙiƙa, wato kafin ka ƙifta ido ya je Yamai ya dawo sau da yawa. Amma a femtosakan 100 ko kaurin silin gashi bai gama ƙetarewa ba.

To, yaya ake auna abin da ya faru cikin wannan ɗan taƙi? Da hasken kansa. Duba tabki da damina, in yara biyu suka jefa duwatsu. Inda tudun igiyar ruwa ya gamu da tudu sai ya ƙara tashi, inda ya gamu da kwari sai ruwan ya kwanta. Haka haske yake yi, kuma awo da wannan gamuwar shi ake kira intaferometiri. Albert Michelson ya ƙera irin na'urar tun 1881.

A yau da walƙiyar leza (na'ura mai harba siririn haske) ake aikin. Walƙiya ta farko ta bugi abin gwaji, a ce gilashi, ta ɗan sauya yadda haske ke ratsa shi. Ta biyu ta bi sawu ta ratsa, sai a haɗa ta da tagwayenta da bugun bai shafa ba. Zanen haske da duhu da suka fitar zai ɗan goce, gocewar ce ke tona sauyin.

Inda abin ya fi burge ni shi ne jinkirin. Madubi kawai ake turawa baya don hanyar walƙiya ta biyu ta ƙara tsawo: tura shi milimita 0.15 na ba da femtosakan 1,000, don hasken zuwa yake yi ya dawo. A matsa, a auna, a sake matsawa, har hotunan su jeru kamar fim. Da bugu da bin sawu irin wannan Ahmed Zewail, ɗan Masar, ya kalli ƙwayoyin sinadarai suna rabuwa, ya samu kyautar Nobel a 1999.

Yaron ya ce zai gwada da ƴar lezar makullinsa. Na ce ya fara neman teburin da ba ya girgiza, don ko takun mutum kan birkita zanen.