Waiwaye: Yadda ashar ta samu gindin zama a wasannin intanet

Duk wanda ya taɓa sa abin sauraro a kunne ya shiga Call of Duty ko Free Fire ko PUBG tare da mutanen da bai sani ba, ya san abin da ake ji a can. Kafin a harba harsashi ɗaya wani ya zagi uwar wani. Idan muryar mace ta fito, sai a bar wasan a koma kanta. Idan kuma aka ji harshen mutum ya bambanta, a tambaye shi ƙasarsu don a samu abin zagi. Wanda ya yi ƙorafi amsa ɗaya ake ba shi: haka gem yake, in ba za ka iya ba ka fita. Tarihin abin bai goyi bayan wannan amsa ba. Zagin ya girma ne saboda yadda aka gina wasannin da kuma sakacin masu su, ya kuma ragu a duk inda aka tashi tsaye a kansa.

Matsalar ta girmi hoto da murya. A 1978 Roy Trubshaw da Richard Bartle suka fara gina MUD a Jami'ar Essex da ke Ingila, wasan da mutane da yawa ke shiga lokaci guda, kome da rubutu ake yinsa. Daga zuriyarsa aka samu LambdaMOO a Amurka, inda a 1993 wani mai amfani da sunan Mr. Bungle ya yi amfani da wata dabarar manhaja ya riƙa rubuta ayyukan batsa da cin zarafi da sunan wasu 'yan wasa, kamar su ne suke aikatawa, a gaban jama'a. Babu wanda aka taɓa jikinsa, amma waɗanda aka yi wa sun ji ciwon ƙwarai. Mazauna wurin suka zauna muhawara a kan hukunci, daga ƙarshe ɗaya daga cikin masu kula ya goge shi, sannan aka kafa tsarin kai koke da jefa ƙuri'a. Ɗan jarida Julian Dibbell ya ba da labarin a jaridar Village Voice a ƙarshen shekarar. Tambayoyin da suka yi a wancan zama su ne har yau ake yi: wa ke da ikon hukunci, kuma shin magana kaɗai tana kai matsayin laifi?

Ultima Online, wanda ya fito a 1997, ya nuna wa kamfanoni cewa abin yana taɓa aljihu. Tsofaffin 'yan wasa suka mayar da kashe sababbi sana'a, su tare su a bakin gari, su kwashe musu kaya, su bi su da dariya. Sababbin suka riƙa daina biyan kuɗin wata suna tafiya. A 2000 kamfanin ya raba duniyar wasan gida biyu, ɗaya da ba a yarda a kai wa kowa hari ba sai da yardarsa. Yawancin jama'a can suka koma.

Babban sauyi ya zo da murya. A Nuwamban 2002 Microsoft ta buɗe Xbox Live, tsarinta na buga wasa da wasu ta intanet, ta haɗa wa masu saye da abin sauraro mai makirfo. Halo 2 ya biyo baya a 2004 da tsarin da ke haɗa ka da baƙi kai tsaye, ku yi minti goma ku rabu, da wuya ku sake haɗuwa. Kafin nan, masu buga Quake da Counter-Strike sukan koma dandali ɗaya kullum, wanda wani mutum yake riƙe da shi, ya san kowa, yana iya korar mara kunya. Sabon tsarin ya kawar da wannan mai gida. Ga shi murya tana tona abin da rubutu ke rufewa: mace ce, yaro ne, baƙar fata ne, baƙo ne. Zuwa 2009, lokacin Modern Warfare 2, ɗakin jiran wasa ya yi ƙaurin suna har ana alfahari da wanda ya iya jure shi. A shekarar 2004 ɗin ce kuma masanin halayyar ɗan Adam John Suler ya bayyana dalilan da ke sa mutum ya saki bakinsa a intanet: ba a san sunansa ba, ba a ganin fuskarsa, ba ya ganin fuskar wanda ya ɓata wa rai, kuma babu wani babba da yake jin nauyinsa a wurin.

Masu kare abin sukan ce ai cika baki tsohon abu ne a wasa, su kawo Muhammad Ali. Gaskiya ne, kuma ba mu buƙatar zuwa Amurka. Ɗan dambe yana shiga fage ya yi kirari, ya kira abokin karawa, ya faɗi yadda zai kayar da shi. Sai dai yana yi ne da sunansa da na ubangidansa, a gaban makaɗa da alƙali da 'yan garinsu, kuma wanda yake yi wa kurin ya amince ya shigo fagen, daidai da shi ne. Idan ya wuce iyaka akwai mai tsawata masa nan take. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a lokacin da ƙato ɗan shekara talatin yake antaya wa yaro ɗan shekara sha biyu ashar daga wata nahiya, ko mutum huɗu suka taru a kan mace ɗaya da ke ƙungiyarsu. Ni a ganina, wanda ya kira wannan cika baki yana neman mafaka ne kawai.

A kan abin da ake yi wa mata an tara hujja. Wani bincike da Jeffrey Kuznekoff da Lindsey Rose suka wallafa a 2013 ya yi amfani da muryoyin da aka naɗa tun farko a wasan Halo 3, kalmomi iri ɗaya marasa tsokana, wani lokaci da muryar namiji wani lokaci da ta mace. Muryar macen ta sha munanan maganganu kusan ninki uku. A Agustan 2014 rikicin da aka sani da Gamergate ya fito da abin waje, inda aka bi wasu mata masu ƙirƙirar wasanni da masu sharhi da barazanar kisa da fyaɗe, aka watsa adireshinsu, har wasu suka bar gidajensu.

Kamfanin da ya fi zurfafa bincike a wancan zamani shi ne Riot Games, mai League of Legends. A 2011 ya kafa wata kotu da ya kira Tribunal, inda 'yan wasa da kansu suke karanta hirar wanda aka kai ƙara su yanke hukunci. Ya ɗauki Jeffrey Lin, wanda ya karanci aikin ƙwaƙwalwa, ya jagoranci sashen halayyar 'yan wasa. Abin da suka gano ya rushe abin da kowa ya ɗauka. Masu zagi kullum ba su wuce kusan kashi 1 cikin 100 ba, kuma abin da ke fitowa daga bakinsu kusan kashi 5 ne kacal na dukan ɓarnar. Sauran daga mutanen kirki ne da ransu ya ɓaci ranar, aka zage su a wasan farko, suka je na biyu suka sauke a kan wani. Ke nan korar miyagu kaɗai ba za ta share fage ba. Sai suka gwada ƙananan gyare-gyare. Suka rufe hira tsakanin ƙungiyoyi biyu masu karawa sai ga wanda ya buɗe da kansa, munanan kalamai suka ragu sosai. Suka lura cewa wanda aka dakatar ba tare da bayani ba yakan dawo ya maimaita, amma idan aka nuna masa ainihin kalaman da ya rubuta, kusan kashi 70 cikin 100 ba a sake kawo ƙararsu. An rufe kotun a 2014, saboda hukunci yakan ɗauki makonni, aka koma ga manhajar da ke yanke shi cikin mintuna. Blizzard ta bi wata hanyar a Overwatch a 2018, inda 'yan wasa ke yaba wa wanda ya nuna hali nagari, ta kuma ce ɓarna ta ragu da kashi 40. Apex Legends ya fito a 2019 da tsarin nuni da alama wanda ke ba mutum damar yin wasa da ƙungiya ba tare da ya buɗe baki ba, abin da mata da yawa suka yi maraba da shi. Ya kamata a faɗa cewa gidajen masu gyaran ma ba su tsira ba: a ƙarshen 2021 Riot ta amince ta biya dala miliyan 100 a kan ƙarar nuna wa ma'aikatanta mata bambanci.

Wanda har yanzu yake ganin magana ce kawai, ya tuna da Wichita a jihar Kansas. A ranar 28 ga Disamban 2017 wasu matasa biyu suka yi faɗa a kan wasan Call of Duty da aka sa cacar dala 1.50. Ɗaya ya nemi wani mai suna Tyler Barriss a Los Angeles ya kira 'yan sanda ya yi ƙaryar cewa ana garkuwa da mutane a gidan ɗayan. Adireshin da aka bayar tsoho ne, wasu ne ke zaune a gidan a lokacin. Andrew Finch, ɗan shekara 28, uban yara biyu, wanda ba ruwansa da wasan, ya buɗe ƙofa ya ga abin da ke faruwa, ɗan sanda ya harbe shi ya mutu. An yanke wa Barriss ɗaurin shekara 20 a 2019. A 2019 ɗin kuma ƙungiyar ADL ta Amurka mai yaƙi da nuna ƙiyayya ta fitar da binciken da ya nuna kashi 74 cikin 100 na manyan da ke buga wasannin intanet a ƙasar sun gamu da cin zarafi, kashi 65 kuma mai tsanani, irin barazana da bibiya.

Murya ce ta fi wuyar kamawa, domin rubutu yana barin shaida, magana kuwa tana wucewa. Shekara ashirin bayan Xbox Live aka fara taɓa ta da gaske. Riot ta soma gwajin nazarin muryoyi a Valorant a 2022. A 2023 Xbox ta ba da damar naɗar gajeriyar murya a kai ƙara, ta kuma kawo tsarin makin laifi, wanda ya tara takwas a rufe masa hira da wasan haɗaka shekara guda. A ƙarshen Agustan shekarar Activision ta saka ToxMod na kamfanin Modulate a Call of Duty, manhajar ƙirƙirarriyar basira da ke sauraron hira tana ware ta cin mutunci, kuma a farkon 2024 ta ce an hukunta asusun 'yan wasa sama da miliyan 2. Akwai masu fargabar cewa kamfani yana sauraron abin da mutum ke faɗa a ɗakinsa, kuma fargabar tana da tushe.

Abin da ya fi damuna shi ne inda wannan kariya ta tsaya. An fara ta da Turanci, aka ƙara da Sifaniyanci da harshen Fotugal, sannan wasu harsunan Turai. Alhali tun da Free Fire ya fito a 2017, PUBG Mobile a 2018, Call of Duty na waya a 2019, wasan ya bar ɗakunan masu Xbox ya shiga aljihun yara a Kano da Maraɗi da Kumasi. Ashar ɗin da ake yi da Hausa ko Yarbanci ko Burokan, da gorin ƙabila da addini da ke biyo bayanta, ba da su aka horar da waɗannan na'urori ba, kuma ƙorafin da aka tura yana iya faɗawa hannun ma'aikacin da bai san harshen ba. Abin da ya rage wa ɗan wasa a nan shi ne maɓallin rufe murya, da toshe mutum, da shugaban ƙungiyar da ke da ikon cire mai zagi daga rukuninsu na WhatsApp ko Discord, kamar yadda masu riƙe da dandalin Quake suke yi kafin 2002.