Waiwaye: tun yaushe ake cewa Sinawa sai da linzami?

A watan Afrilun 2009 ne Jackie Chan, wannan dai na finafinan faɗa, ya yi wata magana a taron 'yan kasuwa na Boao da ke tsibirin Hainan wadda har yau ake tuna masa ita. Cewa ya yi shi fa bai tabbata ba ko 'yanci alheri ne, wai Hong Kong da Taiwan sun rikice don 'yancin ya musu yawa, kuma ya fara ganin su Sinawa sai an riƙe su, in aka sake su kowa abin da ya ga dama zai yi. Manyan da ke zauren suka tafa masa, a Hong Kong da Taiwan kuwa 'yan majalisa da jaridu suka yi masa ca.

To amma ba shi ya fara ba, maganar ta haura shekara ɗari. A 1903 Liang Qichao, ɗan boko mai neman gyara da ke gudun hijira, ya zagaya Amurka ya ga yadda ƙungiyoyin Sinawan San Francisco ke rigima a tarukansu, ya rubuta cewa mutanensa ba su kai ga 'yanci ba tukuna. Sun Yat-sen ma da ake kira uban ƙasa, a laccocinsa na 1924 ya kwatanta Sinawa da yashin da aka watsa, ya ce 'yancin ɗaiɗaiku ne ya yi yawa shi ya sa Turawa da Japan ke taka su. Tsarin da ya bar wa jam'iyyar Kuomintang mataki uku ne, mulkin soja, sai zamanin da jam'iyya za ta yi renon jama'a, sannan mulkin tsarin mulki. Wato tun farko alkawarin shi ne riƙon na ɗan lokaci ne.

Kuma gaskiya tsoron rikici a ƙasar Sin ba na ƙarya ba ne. Tawayen Taiping kaɗai, daga 1850 zuwa 1864, ya ci rai aƙalla miliyan 20, bayan faɗuwar daular Qing kuma janar-janar suka yayyaga ƙasar kowa da yankinsa, ga mamayar Japan a 1937 ga yaƙin basasa har 1949. Wanda kakanninsa suka ga wannan in ya ce zaman lafiya ne gaba da komai ba zan zarge shi ba. Sannan Bankin Duniya ya ce kusan mutum miliyan 800 suka fita daga ƙangin talauci cikin shekara 40, wannan hujja ce babba kuma gwamnati ba ta gajiya da kawo ta.

Inda ni maganar ba ta shige ni shi ne, bala'o'in da suka fi muni bayan 1949 ba daga sakin jama'a suka zo ba. A 1956 Mao, shugaban jam'iyyar Kwaminis da ta karɓi mulki a 1949, ya ce kowa ya fito ya faɗi ra'ayinsa, malamai da ɗalibai suka yarda suka yi suka, a 1957 aka juya musu baya aka liƙa wa sama da mutum dubu 500 tambarin 'yan adawa, da yawa aka tura gonakin aikin dole. Shi ya sa da yunwar 1959 zuwa 1961 ta zo ba wanda ke da bakin cewa rumbuna fa babu komai, jami'ai suka riƙa aika alƙaluman girbi na ƙarya don su tsira da wuyansu, miliyoyin mutane suka mutu a ƙauyuka. Shugaban ne ba mai iya tsawata masa.

A Disambar 1978 wani mai gyaran lantarki a gidan zoo na Beijing, Wei Jingsheng, ya manna takarda a bango yana cewa gyare-gyare huɗu na zamanantar da ƙasa da Deng Xiaoping, jagoran da ya karɓi ragama bayan Mao, ke turawa ba su cika ba sai da na biyar, dimokuraɗiyya. Shekara 15 aka yanke masa. Sai 4 ga Yunin 1989 da tankoki suka shiga Beijing kan masu zanga-zangar dandalin Tiananmen. Liu Xiaobo da ya sa hannu wajen rubuta Charter 08, takardar neman dimokuraɗiyya, aka ɗaure shi shekara 11 a 2009, aka ba shi Nobel yana kurkuku, ya rasu a tsare a 2017. Uygur Musulmi na Xinjiang kam su suka ga mafi tsananin riƙon, har ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 tsare su da aka yi zai iya zama laifin cin zarafin bil'adama.

Taiwan kuma, yare ɗaya, tushen al'ada ɗaya, ta yi shekara 38 ƙarƙashin dokar soja ta wannan Kuomintang ɗin, aka ɗage a 1987, suka zaɓi shugaba kai tsaye a 1996, a 2000 'yan adawa suka karɓi mulki ba harbi. Eh 'yan majalisarsu kan ba hamata iska a zaure, amma ƙasar ba ta watse ba, arziki ma ƙaruwa ya yi.

Na baya-bayan nan shi ne korona. Likita Li Wenliang na Wuhan ya gargaɗi abokan aikinsa kan sabuwar cutar a manhajar WeChat, 'yan sanda suka kira shi suka sa shi sa hannu a takardar cewa zai daina yaɗa jita-jita, cutar ta kashe shi a Fabrairun 2020. A Nuwambar 2022 gobara ta kashe mutum 10 a wani bene a Urumqi lokacin kulle, matasa suka fito a Shanghai da Beijing riƙe da farar takarda ba rubutu, tunda duk abin da ka rubuta laifi ne. Ko sati biyu ba a yi ba gwamnati ta sassauta dokar kullen, daga baya kuma ta bi wasu daga cikin yaran ta kama su.