Hoton farko ya fito lafiya, amma kada a ɗauke ido daga kan Baba

Da damina ta kankama, tsofaffinmu kan zame a bakin rijiya ko wajen alwala. Dattijo ya tashi, ya karkaɗe riga, ya ce ba komai, mu ce Allah ya kiyaye gaba. Kafin a bar maganar, a tambaya: yana shan maganin tsinka jini? Ina nufin irin su warfarin, rivaroxaban da apixaban, da ake ba wasu masu ciwon zuciya ko wanda jini ya taɓa daskare masa a ƙafa. In yana sha, a kai shi asibiti a ranar, da kwalin maganin a hannu, ko da ƙulu bai fito masa a kai ba.

Ga dalili. Ƙwaƙwalwa tana motsewa da shekaru, sai ƙananan jijiyoyin jinin da ke tsakaninta da ƙoƙon kai su miƙe kamar zare. Ɗan bugu ya isa ya tsinka ɗaya, maganin kuma ya hana jinin tsayawa da wuri. Shi ya sa likita zai nemi hoton CT, wato hoton da ke nuna cikin kai, wanda daga ƙauyukanmu sau da yawa sai an dangana da Kano, kamar Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.

To, hoton farko yana iya fitowa tas, jinin ya taru daga baya, cikin awanni, wani lokaci ma bayan makonni. Ba kasafai ba ne, amma yana faruwa. Wani likitan zai riƙe Baba awa 24 ya sake hoto, wani ya sallame shi ya ce a lura da shi. In an ce a sake, ba cin kuɗi ba ne, duk da na san kuɗin mota kaɗai ma aiki ne.

A gida, ciwon kai da ke ƙaruwa, amai, barcin da ba a saba gani ba, harɗewar harshe, mutuwar hannu ko ƙafa, jijjiga, ko Inna ta fara kiran jika da sunan wani: kada a ce tsufa ne ko iska. A koma asibiti ko cikin dare ne, a tuna wa likita faɗuwar.

Kada a kira wanzami ya yi ƙaho, kada a sayo diclofenac ko ibuprofen a kemis, suna ƙara zubar jini. Maganin tsinka jinin kuma, likita ne zai faɗi ranar dakatarwa da ranar ci gaba.